Shin ficewar Nijar daga ECOWAS ta taɓa tsaron iyaka?

Malam, ka tambaya ko ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta shafi tsaronmu, ko kuwa rigimar shugabanni ce kawai. Ta shafa, amma ni ba ECOWAS ɗin ce ta fi damuna ba.

Ƙasashen uku sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, a Satumbar 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS dama ba ta da sojoji a daji. Abin da ya fi ciwo shi ne janyewar Nijar a Maris 2025 daga rundunar haɗin gwiwar Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena. Wannan runduna ce ke ba soja damar bin sawun 'yan Boko Haram su tsallaka iyaka. Yanzu ɗan bindiga ya kai hari a Abadam ta jihar Borno, ya haye kogin Komadugu zuwa wajen Bosso a jihar Diffa ta Nijar, wa zai bi shi?

Sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, Rasha ta shigo. Wannan zaɓin Yamai ne, ban ga laifi ba. Amma Mosko ba ta da iyaka da Diffa.