Kada ka ajiye aikin Jidda saboda bizar da aka rufe ƙofarta

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Jidda. Shekararsa bakwai yana aikin wayarin a wani kamfanin gine-gine, albashinsa riyal 4,000, kamfani ke ba shi masauki. Yayansa a Kano ya tsaya masa a wuya sai ya ajiye aiki, ya haɗa kuɗi a bai wa wani ejan da zai samo masa aikin kula da tsofaffi a Ingila, wai fam ya fi riyal kuma can ana samun takardar zama ta dindindin. Yana tambaya ko ya bi maganar Yaya.

Malam, kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi. Tun 22 ga Yuli 2025 Birtaniya ta daina ba da bizar aikin kula da tsofaffi ga masu nema daga wajen ƙasar. Duk wanda ya ce zai kawo maka takardar ɗaukar nauyi ta wannan aiki yanzu, iska yake sayar maka. Ko lokacin da ƙofar ke buɗe, mun ga mutane sun sayar da fili sun biya miliyoyi, sun sauka suka tarar kamfanin ba shi da aikin ba su, ko an soke lasisinsa. Idan aka soke, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, ga shi bizar ba ta yarda ya karɓi tallafin gwamnati ba.

Maganar fam ya fi riyal kuwa, lissafin kan takarda ne. Saudiyya ba ta cire harajin albashi. Abin da take karɓa shi ne kashi 15 cikin ɗari a kan kayan da ka saya. Riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986, shi ya sa duk faɗuwar naira kai riba ce gare ka ranar aike. A Ingila, mai fam 25,000 a shekara, bayan harajin kashi 20 a kan abin da ya haura 12,570 da kuɗin inshorar ƙasa, abin da zai shigo hannunsa bai kai fam 1,800 a wata ba. A ciki zai biya haya, wuta, ɗumama ɗaki da kuɗin mota. Kai kuwa ba ka biyan haya.

Inda Yaya ke da gaskiya shi ne zaman dindindin. Iƙama, takardar izinin zamanka a Saudiyya, ba ta zama gida. Ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare, kuma tsarin fifita 'yan ƙasa a ayyuka kullum ƙara faɗi yake. Idan ka kawo iyali ma, riyal 400 za ka biya kan kowane mutum duk wata. Amma Ingila ƙasa ce ta zaɓe, maganar baƙi na ci wa jam'iyyu ƙuri'a, dokar sai ta juya a kan wanda ya riga ya shiga. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan aiki tafiya da mata da 'ya'ya, a Mayu 2025 kuma gwamnati ta fito da shirin mayar da jiran takardar dindindin daga shekara biyar zuwa goma.

Sai kuɗin sallamarka, wanda na ga ba ka ambata ba. Dokar Saudiyya ta ba ka rabin albashin wata kan kowace shekara a cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan. A shekara bakwai riyal 18,000 ke nan. Ka ajiye aiki da kanka, kashi biyu cikin uku za ka karɓa, 12,000. Buɗe Qiwa, shafin ƙwadago na gwamnatin Saudiyya, ka duba ranar ƙarewar kwantiraginka. Idan albashin ne ya yi maka kaɗan, tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani irinka na iya neman sauya wurin aiki ta nan ba tare da ya fita ƙasar ba.

Yaya babba ne, girmansa na nan. Sai dai ba shi zai kwana da bashin ba idan abu ya lalace, kuma ba daidai ba ne a auna zumunci da yawan abin da mutum ke turowa. Ka kira shi kai da shi, ba a zauren WhatsApp na dangi ba, ka faɗa masa ranar da aka rufe bizar. Ka ce ejan ya ba da sunan kamfanin, ku duba jerin masu lasisi da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa kyauta a intanet.