Tambaya da Amsa: Maɗigar jariri da guringuntsin gwiwa

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Jaririna yana da wata 4, kuma idan ina yi masa wanka nakan ga tsakar kansa tana motsi, ga taushi kamar babu ƙashi a wurin. Surukata ta ce maɗiga ce, kada in kuskura in taɓa ta. Na kuma ji an ce jariri ya fi babba yawan ƙasusuwa. Shin gaskiya ne, kuma ina ragowar suke tafiya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika ji gaskiya ne, domin ana haihuwar jariri da ƙasusuwa kimanin 270 zuwa 300, alhali baligi yana da 206. Babu wanda yake ɓacewa a cikinsu, haɗewa suke yi. Yawancin ƙasusuwan ɗan tayi da guringuntsi suke farawa, wato irin farin abin nan mai santsi da ake gani a kan ƙashin cinyar kaza, sannan sinadarin kalsiyam ya riƙa taruwa a ciki har ya taurare, guntaye biyu ko uku su zama ƙashi ɗaya. A ƙasan gadon baya akwai guntaye biyar da suke haɗewa su zama ƙashi guda, kuma ƙoƙon gwiwar jaririnki a yanzu guringuntsi ne zalla, ba zai fara zama ƙashi ba sai ya kai shekara 3 ko fiye.

Ƙoƙon kai kuwa faffaɗan ƙasusuwa ne da ba su gama haɗuwa ba, domin kan ya iya matsewa a lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Maɗiga ita ce tazarar da ke tsakaninsu. Ƙaramar ta wajen ƙeya tana rufewa cikin wata 2 zuwa 3, babbar ta gaba kuwa takan kai wata 12 zuwa 18, wani lokaci har shekara 2. Motsin da kike gani bugun jini ne, kuma akwai fata mai ƙwari da ta rufe wurin, saboda haka wanka da shafa mai a hankali ba za su cutar da shi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki riƙa lura da ita. Idan ta lotsa ciki, musamman yaro yana gudawa ko amai, alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, kuma shafe-shafen da ake yi a kanta ba ya maido da ruwan. Idan ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake yi ba, ga zazzaɓi, to ana tsoron sanƙarau, sai a garzaya asibiti ba tare da jira ba.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 ya karye kusa da wuyan hannu, an yi masa ɗori, kafin wata 2 ya warke sarai. Ni kuwa na daɗe ina fama da ciwon gwiwa, an ce guringuntsi ne ya cinye. Yaya ƙashi mai tauri zai warke, guringuntsi ya ƙi? Daga wani manomi a Azare.

Amsa: Malam, bambancin yana ga jini. Ƙashi rayayyen abu ne mai cike da hanyoyin jini, a cikinsa ma ɓargo yake, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Idan ya karye, jini yana taruwa ya daskare a wurin, sai wani nama mai kama da guringuntsi ya ɗinke bakin karayar, daga baya ya koma ƙashi. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa a gaɓa ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, yana tsotsa yana fitarwa kamar soso duk lokacin da aka taka ƙafa, shi ya sa idan ya cinye da wuya ya dawo, kuma shi ya sa zama wuri ɗaya ba ya taimakon mai irin ciwonka. Tafiya daidai gwargwado, ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba ga mai ita sun fi amfani.

Game da yaron, ina da jan hankali guda. Kusa da wuyan hannu akwai wani faifan guringuntsi wanda daga gare shi ƙashi yake ƙara tsawo, ba ya rufewa sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Karayar da ta ratsa shi tana iya sa hannu ya karkace ko ya gajarce bayan shekaru, kuma hannun mai ɗori, komai ƙwarewarsa, ba ya gano wannan sai hoton ƙashi. Ina ba ka shawara ka kai shi a ɗauki hoton a babban asibiti mafi kusa, idan an ga matsala a tura ku wurin ƙwararru, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.