Amsa ga Malama kan GIMP da ɗalibanta

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Malama, na saurari muryarki. Kin ce kin saka wa ɗalibanki GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, a kwamfutocin makaranta saboda babu kuɗin lasisin Photoshop, yara sun gyara hoto sun kasa fitar da shi, har wasu na cewa manhajar ta lalace. Kika kuma tambaya me ya sa waɗannan manhajoji na kyauta suke wahalar da sabon shiga haka. Rubutu zai yi tsawo shi ya sa na yi murya, a yi haƙuri da ƙarar janareta.

To bari in fara da abin da ke gabanki. Ba lalacewa ta yi ba. A GIMP idan yaro ya danna Save, fayil ɗin XCF zai samu, wato aikin nasa yadda zai dawo gobe ya ci gaba. Idan JPG yake so, sai ya shiga File ya zaɓi Export As, ko ya danna Ctrl da Shift da E tare. Tun 2012 masu GIMP suka raba abin biyu, lokacin da GIMP 2.8 ta fito. Hujjarsu ita ce kada mutum ya adana JPG ya rufe, ya dawo ya tarar aikin ya manne wuri ɗaya ba ya gyaruwa. Hujja ce mai kyau wallahi. Har saƙo take nunawa idan ka rubuta jpg a wurin Save, ta ce ga inda za ka je. Amma wane yaro ne zai tsaya karanta dogon Turanci a ƙaramin akwati? Rufewa zai yi ya ɗaga hannu.

Yawwa, sai tambayar taki. Kin ga GIMP ɗalibai biyu ne suka fara ta a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, kuma har yau yawancin masu aikinta 'yan sa-kai ne. Mutum ya taso daga aiki, ya ci abinci, ya zauna da dare ya gyara abin da ke damunsa. Abin da ke damun ƙwararre kuwa daban yake da abin da ke damun ɗalibarki 'yar aji huɗu. Mai gida ko cikin duhu ba ya tuntuɓe da dokin ƙofarsa, baƙo ne yake tuntuɓe, kuma idan baƙon ya tafi bai faɗa ba, mai gida zai rantse ƙofarsa lafiya lau take. Kamfani yana biyan mutane albashi su zauna suna kallon baƙi. Su waɗannan ba su da wannan kuɗin, kuma sabon shiga idan ya kasa ba ya kai ƙara, gogewa kawai yake yi ya koma neman kwafin sata.

Amma ana gyarawa fa, kada a ce ba a yi. Misalin da na fi so shi ne Blender, ta zane mai motsi. Shekara da shekaru, idan za ka zaɓi abu a cikinta sai ka danna maɓallin dama na linzami. Duk duniya hagu ake dannawa. Sabo ya buɗe, ya ga wani akwati da take nunawa a tsakiyar allo, ya danna hagu, akwati bai zaɓu ba, sai wani ɗan da'ira ja da fari ya yi tsalle ya koma inda ya danna. Minti biyu ya rufe. Tsofaffin hannu suna ta kare abin, wai ya fi sauri. Sai a Yulin 2019, da 2.80 ta fito, aka mayar da hagu ya zama shi ne na asali, wanda yake son dama kuma aka bar masa, zai zaɓa tun ranar farko da ya buɗe. Ba a ƙwace wa kowa komai ba, wanda za a fara yi wa hidima ne kawai aka sauya. Ko da yake a faɗi gaskiya, Blender tana da gidauniya a Amsterdam mai biyan ma'aikata, ba kowa ke da wannan gatan ba.

Masu Ubuntu ma, wato wani nau'in Linux, tsarin kwamfuta na kyauta mai aiki irin na Windows, a 2009 sun yi wani abu mai wayo. Suka ce a kawo musu ƙananan matsaloli 100, sharaɗin shi ne ya zama abin da mutum zai ci karo da shi a ranarsa ta farko, kuma gyaransa ba wuya. Rubutun da ba a gane shi, maɓallin da ya ɓuya, irin wannan. Ita kanta GIMP ɗin, da can tagogi uku take buɗewa a warwatse, sai a 2018 taga ɗaya ta zama ta asali, kuma 3.0 da ta fito a Maris 2025 tana tarbar mutum da allon maraba. Ki duba wadda kika saka, in tsohuwa ce ki sabunta.

To abin da nake so ki gane Malama, abin da masu GIMP suke nema yana ajinki. Ki ɗauki yara biyar da ba su taɓa buɗe ta ba, ɗaya bayan ɗaya. Ki ce ga hoto, yanke shi, rubuta sunanka a kai, fitar min da shi in tura a waya. Sai ki yi shiru. Nan ne wahalar, don bakin malami ba ya son shiru, amma da kin ce "danna can" kin ɓata gwajin. Ki rubuta inda hannunsa ya tsaya, abin da ya fara dannawa, da abin da ya ce yana nema. Ki yi a makon farko, don bayan wata ɗaya su ma sun saba, ba za su ƙara ganin matsalar ba.

Sannan a kai wa masu GIMP abin da aka gano a shafinsu na intanet da ake kira GitLab na GNOME, nan suke karɓar rahoto. Roƙona ɗaya, kada a je a rubuta "manhajarku ba ta da kyau", ba wanda zai iya gyara wannan, kuma mutumin da ke aiki kyauta zagi ba ya sa shi sauri. A rubuta wace GIMP ce, a kan Windows ko Linux, yara nawa aka gwada, nawa suka maƙale, a daidai ina, a haɗa da hoton allo. A fara dubawa ko wani ya riga ya kai, in akwai sai a ƙara shaida a ƙarƙashinsa. Ba lallai su amsa a mako ɗaya ba, wani lokacin ma su ce ba za su sauya ba.

Kafin nan dai ki rubuta Ctrl Shift E da babban baƙi ki manna a saman kowace kwamfuta. In kin yi gwajin ki turo min abin da kika rubuta ko da Hausa ne, zan juya shi Turanci mu tura tare. Sai anjima.