Amsar Anti mai ɗinki ga amarya: leshi ko atamfa?

(An rubuto wannan daga muryar da Anti ta turo zauren mata, saboda masu ƙarancin data. Amaryar da aka kawo mana daga Ringim ce ta yi tambaya: ta kwashi adashinta, tana son ta ɗinka kala biyu ko uku da za su kai ta har Sallah, leshi za ta saya ko atamfa?)

Assalamu alaikum matan gida, barkanmu da yamma. Amarya, na ji saƙonki tun da hantsi, ina kan keke ne shi ya sa ban amsa ba. To Allah ya sa albarka a adashin nan.

Hotunan ɗinkin da kika turo duk na gani, sun yi kyau. Amma ni daga yadi zan fara miki. Waɗancan na TikTok ɗin, a ɗaki mai sanyi aka ɗauke su, suna fita sai mota. Ke kuwa da kayan nan za ki hura wuta, ki yi shara, ki hau babur zuwa gidan suna. Yadin da bai dace da wannan ba, ko wa ya ɗinka miki shi, a akwati zai ƙare.

Ki fara duba lokacin da Sallar za ta faɗo. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 zuwa 11. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris aka yi ta, kin ga ke nan shekarun nan Sallolin biyu duk cikin zafi suke zuwa. To leshi sai an yi masa shafi, yadi biyu ke nan a jikinki, ga duwatsu, ga hijabi a kai. Kafin ki gama zagayen gaishe da dangin miji kin jiƙe sharkaf. In akwai leshi a lefenki, ya ishe ki fita biki. Kuɗin nan ki sa su a atamfa mai auduga turmi biyu, abin da ya rage ki yi hijabi mai kyau ki biya ɗinki.

Sai dai fa atamfar yanzu sai an lura. Tun da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe, yawancin abin da ake saukewa a Kantin Kwari daga Sin yake zuwa, akwai mai kyau a ciki, akwai kuma roba zalla da aka yi wa zanen holan. Daga Kwarin ne kuma 'yan koli suke saro wanda muke gani a kasuwar Gujungu ran Lahadi. In kin je, kar ki saya a leda. Ki ce a warware miki turmin, yadi 6 ne cif, ki juya bayansa. Ta gaske gabanta da bayanta kusan ɗaya suke, ta banza kuwa bayan fari-fari ne kamar an shafa mata toka. Sannan ki damƙi gefe guda a tafin hannunki, ki matse, ki saki. Auduga za ta yamutse ta tsaya a haka, roba kuwa nan take za ta miƙe tana sheƙi. Ki tafi da farin hankici, ki ɗan jiƙa shi ki goga a bakin zanen, in ya ɗauko launi to mai zuba ce, ki ajiye wa mai kayan abarsa ko da ya rantse miki.

Wadda ta riga ta saya tana shakka, ta zari zare daga baki ta kunna masa ashana, a gida fa, ba a rumfar mutane ba. Auduga toka take zama, kina murzawa ta watse. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri, tana warin leda. Don Allah wannan ku riƙe shi da kyau, ku masu girki da itace ko kara. Hijabin roba ko mayafin roba in wuta ta kama shi, narkewa yake ya manne a fata. A cire shi kafin a durƙusa gaban murhu, yara mata ma a hana su.

Kafin ki kawo min, ki jiƙa atamfar ki shanya a inuwa, don auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Kuma ke amarya ce, ba na yi miki baki ba ne, amma ki bari in bar miki rara a cikin ɗinkin ta gefe da gefe, ranar da jiki ya buɗe sai a farke a saki. Zif ɗin ma a gaba ya fi, za ki gode min daga baya. Ni da za ki bi ta tawa, turmi ɗaya riga da zani da ɗankwali, ɗayan doguwar riga mai buɗewa ƙasa. Siket ɗin nan mai matse gwiwa ban san yadda za ki hau babur da shi ba.

Yanzu ga hunturu nan tafe. Mutane suna ɗauka baƙi yana ɓoye datti, a'a, ƙurar hunturu fara ce, a kan baƙin hijabi ta fi fitowa. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, su ne ke jure ta. Rigar sanyi kuma ba sai sabuwa ba, gwanjon Ƙofar Wambai yana zuwa har kasuwanninmu, ki zaɓi mara kauri wadda za ta shige ƙarƙashin hijabi, ki wanke ta da ruwan zafi kafin ki sa. Sannan ƙafa. Duk tsadar zaninki, in dugaduganki sun yi faso, can idon mutane zai tafi. Da daddare ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ki goge da dutsen kaushi, ki shafa man kaɗanya tun da sauran danshi, ki sa safa ki kwana. Lalle ma ya fi zama a ƙafar da aka gyara. Man bilicin kuwa ba zan gaji da faɗa ba, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, kuma ranar Afrilu ba ta raga wa fatar da aka kankare.

Zafi in ya shigo, kitso ya zama manya, a daina ja har gashin gaba ya gudu. Kar a rufe kai da danshi bayan wanki, shi ke kawo warin nan da turare ba ya kashewa.

Damina da saura, amma tunda akwatunanki sababbi ne bari in faɗa miki tun yanzu. Kar ki dire su a ƙasa ko ki jingina su da bangon ƙasa, gara ba ta san lefe ba. Ki ɗora su a kan bulo, ki jefa ƙwayar kafur a ciki, duk ranar da aka samu rana mai kyau ki buɗe su sha iska saboda fumfuna.

Abu na ƙarshe, ki kawo ɗinkin yanzu da kaka. Ana sayar da riɗi da zoɓo bukukuwa za su taso, anko zai cika mana ɗaki, azumi na kamawa kuma ba na karɓar sabon aiki. Ran Lahadi in Allah ya kai mu zan shiga Gujungu sayen zare da zif, in maigidan ya bar ki sai ki shirya da wuri mu tafi tare, ki zo da hankicin. Ki gaishe min da Inna.