Ku Tambayi Malamin Na'ura: Shin Kwamfutocin Shagona Sun Tashi Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokofi a Kawo. Kwamfutoci uku gare ni, duka HP ne tokumbo, kuma Windows 10 ke kansu. Wani mai gyara ya ce mini kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, don haka ko dai in sayar da su in sayo masu ɗaukar Windows 11, ko in ba shi ya ɗora mini ita da ƙarfin tsiya. Ni kuwa ba ni da kuɗin sababbi. Mene ne gaskiyar lamarin?
Daga mai shago, Kawo

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Rabin maganar mai gyaran nan gaskiya ce. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta a 2015. Amma ba kashe ta aka yi ba. Kwamfutarka za ta ci gaba da tashi, firinta za ta ci gaba da fitar da takarda. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da ake turowa duk wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Kamar gida ne da mai gadinsa ya ajiye aiki: gini na nan daram, sai dai in an fasa katanga babu mai zuwa ya liƙe.

Kada ka ɗauki wannan da wasa. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kafar da ya bi, tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganinta. Waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba su ne suka sha wuya. Kai kuma shagonka kullum filashin mutane ke shiga yana fita, ɗalibi ya kawo furojet, wani ya kawo takardar neman aiki, wani ya zo duba sakamakon WAEC ya buɗe imel ɗinsa a kan na'urarka. Amanar mutane ce a hannunka.

Kafin ka sayar da komai, duba furosesar kowace ɗaya, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ka shiga setin, ka nemi shafin bayanin na'ura, za ka ga wani abu kamar i5-6300U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin na'urar. Windows 11 tana son zubi na 8 zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. In ka ga 8, ka huta, sabuntawar kyauta ce. In 6 ko 7 ka gani, wanda shi ne yawancin abin da ke cikin shagunanmu daga Kawo har Kakuri, to a hukumance ba ta cancanta ba.

Ɗora ta da ƙarfi kuwa, ana yi, kuma takan yi aiki. Ni dai ba na ba mai shago wannan shawarar, domin Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura gyara ba. Ɗalibin da ke gwaje-gwaje a ɗakinsa zai iya wannan kasada. Wanda abincin iyalinsa ke kan na'urar bai kamata ya wayi gari da layin kwastomomi da baƙin allo ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Akwai ƙarin wa'adin tsaro da Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana samunsa kyauta in ka shiga da akawun ɗin Microsoft ka yarda a adana setin ɗinka a can, ko kuma a biya dala 30. Ka yi wa na'urorin rajista, ka sami sararin numfashi. A cikin wannan lokaci ka tara kuɗin guda ɗaya tak mai zubi na 8, ita za ta zama ta aikin intanet da duk abin da ya shafi banki. Wadda kake aikin CorelDraw da ita, katin biki da kalanda da sitika, ka bar mata Windows 10 ɗinta amma ka raba ta da intanet. Sauran biyun kuwa, ka gwada musu Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows.

Na san da an ambaci Linux sai mutane su ja baya, a zatonsu sai gwanaye. Wancan zamanin ya wuce. Tun 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta, kuma yau duk mai riƙe da wayar Android a kan tushenta yake tafiya ko bai sani ba. Mint kyauta ce, fuskarta ta yi kusa da ta Windows, tana zuwa da LibreOffice na buga takardu, kuma bairos ɗin nan na filashi mai ɓoye fayil ya bar maka gajerun hanyoyi ba ya cin ta. Illarta biyu a shago irin naka: CorelDraw ba ya hawa kanta, sannan wani lokaci tsarin takardar Word yakan ɗan goce. Ka sa ta a filashi ka gwada ba tare da ka goge komai ba, ka ga ko firintarka ta amsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake sa mutum ya raina na'ura mai lafiya. Sau da yawa nawar da ake kuka da ita ba tsufa ba ne. Tsohuwar ma'ajiya ce mai juyawa, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka. A sa mata SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, a kai RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, giga 8, a buɗe ta a busa ƙurar, za ka rantse sabuwa ce.

TAMBAYA: Malam, ina aji biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, ƙawayena sun dame ni in canza waya in sayi mai 5G. Ya dace?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada

AMSA: Ƙanwata, in wayarki lafiya lau take, ki riƙe kuɗinki. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu ba ko'ina take ba, kuma irin zangon da take amfani da shi ba ya ratsa bango sosai. Ki ari wayar ƙawarki mai 5G ki shiga ɗakinki da ita, ki ga abin da za ta nuna a saman allo. Karatu da WhatsApp da kallon darasi, 4G ta ishe su. Ki kuma tuna tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, kuma sabis mai gudu yakan sa bidiyo ya buɗe da inganci mafi girma, data ta zube ba ki ankara ba. In kin tashi saye nan gaba, batir da girman ma'ajiya za ki fara dubawa.

TAMBAYA: Wani ya kira ni ya ce daga guruf ɗin Islamiyyarmu yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambar da aka turo mini. Ina karantawa WhatsApp ɗina ya fita. Yanzu ana ta roƙon kuɗi da sunana.
Daga wata uwa, Unguwar Rimi

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, kuma kada ki ji kunya, wannan tarkon ya kama malamai da 'yan boko. Lambobi shidan nan su ne makullin da WhatsApp ke turo wa mai layi idan za a buɗe akawun a sabuwar waya. Ɓarawon ya sa lambarki a wayarsa, makullin ya zo miki, ke kuma kika miƙa masa.

Tunda layin na hannunki, ke ce mai ƙarfi. Ki sake buɗe WhatsApp, ki sa lambarki, ki jira saƙon lambobi shida, ki shigar. Da kin shigar, an fitar da shi. In aka nemi wata lambar sirri da ba ke kika sa ba, to shi ya sa ta, sai kin jira kwana bakwai kafin ki shiga ba tare da ita ba, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin. Tsofaffin hirarrakinki ba su koma wayarsa ba, sai dai yana ganin guruf-guruf ɗinki da lambobin mutanen ciki, da su yake farauta. Don haka yau ɗin nan ki sa ɗanki ko 'yarki su kira shugabar Islamiyya da 'yan'uwa a sanar, a kuma cire lambarki daga guruf na ɗan lokaci. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar turawar. Ranar da kika dawo, ki shiga setin, wajen akawun, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lambobi shida waɗanda ba shekarar haihuwarki ba ce, ki haɗa da imel ɗin da kike iya buɗewa.