Na juya zirga-zirgar kafe zuwa Squid, wasu shafuka sun daina buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kafe na intanet a Tudun Wada, Gombe, kusa da jami'ar jiha. Na ɗora Squid, manhajar da ke ajiye kwafin shafuka, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu don rage shan data, sannan na sa dokar dst-nat a rautar MikroTik tana tura mata duk abin da ya bi ƙofa ta 80, wato ƙofar shafukan da ba a rufe ba. Tun daga nan wasu shafuka suka daina buɗewa, YouTube kuwa ko a jikinsa. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gizo na saƙa ne a dokar nan ta rauta. Dst-nat goge adireshin da kwastoma ya nufa take yi, ta rubuta na kwamfutar Squid a gurbinsa. Shi kuwa Squid, tun daga sigar 3.2, sai ya tambayi kwamfutar da yake kai ainihin inda saƙon ya dosa. Tunda an goge tun a hanya, adireshin kansa zai gani. Tamkar ka ba direba saƙo a tasha ne bayan ka yage sunan garin da za a kai. Leƙa cache.log, fayil ɗin da Squid ke rubuta rahotonsa, galibi za ka tarar yana kukan ORIGINAL_DST ko na saƙo mai zagayowa kansa.

Cire dst-nat ɗin. A sashen mangle na rautar, inda ake yi wa saƙonni alama, ka yi wa saƙon TCP mai zuwa ƙofa ta 80 alamar hanya, ka buɗe hanyar da za ta miƙa shi ga kwamfutar Squid ba tare da taɓa adireshi ba. Can a Ubuntu ne iptables, manhajar katangar tsaronta, zai karkatar da shi zuwa ƙofa ta 3129, ka rubuta http_port 3129 intercept a squid.conf, fayil ɗin saitin Squid, ka bar ƙofarsa ta asali, 3128, yadda take. Kada ka manta ka tsame adireshin Squid daga alamar, in ba haka ba rauta za ta riƙa dawo masa da abin da ya aika.

Abubuwa biyu na katangar tsaro ke ba masu kafe ciwon kai a nan. FastTrack, gajeriyar hanyar da MikroTik ke bi don saurin tura saƙo, na tsallake mangle, don haka a ware wannan zirga-zirgar daga cikinsa. Sannan idan Squid na layi ɗaya da kwastomomi, amsarsa ba ta bi ta rauta, sai rautar ta ɗauki sauran hirar a matsayin gurɓatacciya ta zubar. Ka ba Squid nasa ramin waya a jikin rauta da nasa rukunin adireshi.

Batun YouTube kuwa, ta ƙofa ta 443 yake bi a rufe, wani lokacin ma ta UDP da QUIC, wata hanyar aika saƙo ta daban, dokarka ba ta ganinsa. Haka akasarin shafuka suke yau. Kafin Squid ya iya leƙa cikinsu sai ka dasa takardar shaidarka a kowace na'ura, ni kuma ba zan ba ka shawarar leƙa asirin masu shiga banki daga shagonka ba. In rage data ne burinka, ƙayyade wa kowace kwamfuta gudu da Simple Queues na MikroTik zai fi Squid yi maka amfani.