Tambaya da Amsa: Fentin bambar motata sai ɓarewa yake

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da Corolla, wata uku da suka wuce wani mai adaidaita sahu ya goge ni wajen Ƙofar Nassarawa, bambar baya ta tsage kamar tsawon ɗan yatsa kuma ta lotsa a kusurwa, na kai wani gareji suka cika mata foti suka fesa fenti, ranar kam kamar sabuwa, to yanzu ga shi duk ya tsattsage yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Mai fentin ya ce in sayo maganin cire fenti a kankare a sake. In saya ne ko in haƙura in nemi wata bambar a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Kar ka sayi maganin nan tukuna dan Allah. Abin da ya faru shi ne an yi wa bambarka aikin ƙarfe alhali roba ce. Fotin da ake cike ƙofa ko bonet da shi in ya bushe dutse yake zama, ita kuwa bamba kullum cikin motsi take, ka faɗa rami ta girgiza, rana ta dake ta ta saki, dare ya yi ta koma. Je ka danna gefen wajen da babban yatsa ka gani, robar za ta shiga ta dawo amma fotin sai dai ya dare kamar busasshen taɓo.

Maganin cire fenti mai ƙarfin nan na gwangwani don ƙarfe aka yi shi, da yawa akwai sinadarin metilin kulorayid a ciki, wanda saboda haɗarin shaƙarsa Amurka ta hana sayar wa jama'ar gari shi tun 2019. In ya hau roba shiga cikinta yake ta kumbura ta yi laushi, an fesa sabon fenti kuma ya riƙa fitowa ta ƙasa yana tayar da ƙuraje. Akwai wanda aka yi musamman don bamba, amma sai ka ga an rubuta haka a jikin gwangwanin, shi ma a fara gwadawa ta ciki. Man birki da harshen wutar gas da wasu ke amfani da su, wallahi kar ka yarda a kusanto da su.

A kwance bambar gaba ɗaya a juya ta, za ka ga harufa a jikinta ta ciki, yawanci PP ko PP+EPDM ko TPO, irin robar ke nan kuma shi zai nuna yadda za a liƙe ta. A wanke ta ciki da waje da omo da ruwan ɗumi kafin samfefa ta taɓa ta, don in ba haka ba man folish ɗin da masu wankin mota ke shafawa za a cusa cikin robar. In ta bushe a watsa mata ruwa, in ya taru ɗigo-ɗigo to har yanzu akwai maiƙo, a sake wankewa. Sai samfefa mai lamba 180 da hannu a cire fotin da duk fentin da ya saki, a bi da 320. Fentin kamfani da ya kama gam a bar shi, a dai goge ƙyallinsa. Giranda kuwa a ajiye ta, robar PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 170, saurin giranda kaɗai ya isa ya narka saman ya bar shi buzu-buzu, kuma ba fentin da zai ɓoye wannan.

Lotsawar mai sauƙi ce, ruwan zafi ko injin iska mai zafi, a tura ta ciki a ɗora jiƙaƙƙen tsumma ta huce a haka.

Tsagar ce ke son haƙuri. A huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kar ta ci gaba da tafiya, a kankare bakinta ya yi kwari, sannan a yi waldar roba ta ciki da sillen da aka yanko daga tsohuwar bamba mai harufa iri ɗaya, a nitsa 'yar ragar waya a ciki tana da zafi. Sufa gulu ba ya kama PP. Ta waje kuma a shafa foti mai lanƙwasa na roba, siriri kawai.

Sai abin da nake kyautata zaton shi aka tsallake maka, kuma abin yana min ciwo don ba wani tsada ne da shi ba in ka gwada da kuɗin sake aiki. Ka taɓa rubuta suna da fenti a jikin butar roba ka ga farce yana kankare shi? To haka bamba take. Akwai firaimar roba, ruwa ne kamar ba komai, ana fesa shi siriri a duk inda robar ta fito fili, a jira mintunan da aka rubuta a gwangwani, sannan firaimar da aka saba, samfefa 600, fenti da kiliya (ruwan ƙyallin da ake fesawa saman fenti), in da hali a zuba maganin sa fenti lanƙwasa. Kuma a fesa a rufaffen waje da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, musamman da hunturu, don robar da aka goge jan ƙura take kamar maganaɗisu.

Maganar Ƙofar Ruwa, tsaga mai tsawon ɗan yatsa ba ta kai a jefar da bamba ba. Amma in an kwance ka ga kunnuwan da ke riƙe ta sun kakkarye, ko ka lanƙwasa gefenta ka ji tana ƙas-ƙas rana ta gama cinye ta, to je ka nemo wata, ka juya ta ka duba cikinta tun a shagon kafin ka biya, kar a ba ka wadda aka riga aka cika da foti.